Na ga furen okid a daji, in tono shi in kawo gida?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ƙasar da nake zaune ana sanyi har da ƙanƙara. A ƙarshen watan Mayu na shiga wani kurmi, sai na ga wani fure a inuwar bishiyoyi da ya tsaya mini a rai. Tsayinsa ya kusa gwiwa, ganyensa masu faɗi, furen kuma wata 'yar jaka ce rawaya kamar takalmi, da kunnuwa ja mai duhu, biyu daga ciki a murɗe. An ce mini Cypripedium calceolus ne, wani nau'i na furen da ake kira okid. Uku na gani. Ina so in tono ɗaya in dasa a bayan gida. Zai rayu?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Don Allah ki bar shi inda Allah Ya ajiye shi. Ƙwayoyin irin wannan okid ɗin ƙanana ne kamar ƙura, ba su da guzurin abinci a cikinsu irin na sauran tsirrai. Ba sa tsirowa sai sun haɗu da wani nau'in funfuna mai zare-zare da ke cikin ƙasar wurin, shi yake ciyar da su tun suna ƙarƙashin ƙasa. Daga iri zuwa furen farko ana ɗaukar shekaru, sau da yawa fiye da shida. Ga saiwarsa a kwance take, ta bazu kusa da saman ƙasa, kina sa shebur kin yanke ta. Yawancin waɗanda aka tono a hankali suke mutuwa.

Irin wannan tonon ne ya kusa ƙarar da shi a Ingila. A 1917 aka ce ya ƙare, sai a 1930 aka sake ganin guda ɗaya tak a Yorkshire, aka yi ta gadinsa shekara da shekaru. Daga baya masana na lambun tsirrai na Kew da ke Landan suka raino wasu daga iri a ɗakin gwaji aka mayar daji. A ƙasashen Turai da yawa tono shi laifi ne.

Amsa: Yaya ya gama magana. Amma in kina sonsa da gaske, ana sayar da waɗanda aka raino daga iri, ki tabbatar ba na daji ba ne. Ni nawa shekara huɗu ke nan. Ki nema masa wurin da rana ke taɓawa da safe kawai. Ƙasa mai sakin ruwa, da ɗan tsakuwar farar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye. Ki baza saiwar a kwance, idon tsiron ya zama kamar santimita 2 zuwa 3 ƙarƙashin ƙasa. Taki kaɗan ƙwarai. Yana buƙatar sanyin hunturu don ya huta, kada ki shigar da shi ɗaki. Abin da ya fi ba ni wahala dodon koɗi ne, a dare ɗaya ya taɓa cinye mini sabon toho, har na yi hawaye.

Amsa: Ki koma ki zauna kusa da shi ki kalla. Ƙananan ƙudan zuma suna faɗawa cikin jakar, santsi ya hana su fita sai ta wata ƙofa a baya, a nan garin furen yake manne musu. Kuma kada ki faɗi wurin a intanet.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na fasa tonowa. 'Yar uwa, a wane wata kika dasa naki?

Amsa: Oktoba, bayan ganyen ya bushe.