Su wa ke gina fuskar Linux, kuma ina Hausa a ciki?

Mai Cibiya, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina da 'yar cibiyar koyar da kwamfuta a nan Tudun Wada, kwamfuta tara, duk tokumbo, yawancinsu ram giga 4. Tun da Microsoft ta janye hannu daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025 hankalina bai kwanta ba, don babu ko ɗaya a cikinsu da za ta ɗauki Windows 11. Wani tsohon ɗalibina ya zo da filas ya ce a gwada Linux Mint, wani tsarin da ke maye gurbin Windows, a guda uku. Ya tambaye ni wace fuska nake so, wato tsarin menu da tagogin da ake gani a allo, Cinnamon, MATE ko Xfce. Na ce ni dai wadda ba za ta sa fanka kuka ba. Ya saka Xfce. Kwamfutar da a da nake kunnawa in je in yi alwala in dawo ba ta gama tashi ba, yanzu kafin in jawo kujera ta shirya.

To shekaranjiya wata yarinya a aji ta ce, "Malam, wane kamfani ne ke da wannan?" Na rasa ta cewa. Don Allah su wa ke gina waɗannan fuskoki, me ya sa suka yi yawa haka? Kuma ƙ da ɗ da ɓ sun gagare mu bugawa, balle a ce menu ya fito da Hausa.

Dattijon Kawo:

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce wa yarinyar nan babu mai shi, masu shi ne da yawa, kuma rabin tarihinsa rigima ce.

A 1996 wani ɗalibi a Jamus, Matthias Ettrich, ya gaji da yadda kowace manhajar Linux ke da kamanninta daban, sai ya yi kira a haɗu a gina fuska guda. Ita ce KDE. Amma a kan Qt suka ɗora ta, kayan wani kamfanin Norway, kuma lasisinsa a lokacin bai gamsar da masu ra'ayin 'yancin manhaja ba. Shi ya sa a 1997 wasu 'yan Meziko biyu, Miguel de Icaza da Federico Mena, suka fara GNOME. A shekarar 2000 aka saki Qt a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar ɗauka da gyarawa, dalilin rabuwar ya kau, amma ina, kowa ya riga ya kafa gidansa.

A 2011 kuma GNOME 3 ta fito ta watsar da tsohon tsarin da mutane suka saba. Ni kaina sati guda na yi ina lalube kamar baƙo a Kasuwar Barci. Waɗanda abin bai yi musu ba suka kwashi rubutun GNOME 2 suka ci gaba da shi da sunan MATE, mutanen Mint kuma suka fito da Cinnamon. Lasisin ya ba ka dama: in ba ka yarda da inda aka nufa ba, ɗauki kwafinka ka kama gabanka. Biyu daga cikin ukun da ɗalibinka ya lissafa maka, 'ya'yan wannan faɗan ne.

Taka kuwa, Xfce, wani Bafaranshe Olivier Fourdan ne ya fara ta a 1996, kuma masu riƙe da ita ba su da yawa, aikin sa kai ne. Tsakanin fitowar 4.12 a 2015 da 4.14 a 2019 shekara huɗu da 'yan watanni suka ɗauka. Wasu suna musu dariyar nawa, ni kuwa abin da ya sa nake son ta ke nan, ba ka kwana ka tashi ka tarar an sauya maka ɗaki.

Mai Gyara, Kasuwar Gumi:

Baba ya yi bayani, amma ni bakin kasuwa zan yi magana. Malam, kada ka juye duka taran. Yaran nan in sun fita, shagon buga takardu za su nema aiki, can kuwa CorelDraw da Word ake tambaya. Ka bar biyu ko uku da Windows, ka cire su daga intanet. Sannan ka gwada firinta kafin ka yi murna. Na taɓa kwana biyu a kan wata tsohuwar firinta, daga ƙarshe mai ita ya ce in mayar masa da abin da ya sani.

'Yar Barnawa:

Malam, maganar haruffa ba sai an jira kowa ba, an riga an yi. Shiga Settings, sai Keyboard, sai Layout. Cire alamar bin tsarin asali, danna Add, nemi Hausa. Za ka ga ta Najeriya da ta Gana, ɗauki tamu. Buɗe fili ka danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya har ka gano inda ƙ, ɗ, ɓ da ƴ suka faɗa, ka yanka farin tef ka rubuta ka manna a kai. Haka na yi wa ƙannena, a kwana biyu suka daina dubawa.

Menu da Hausa kuma, ba za ka sami ofishin da za ka kai kuka ba, fassarar ma sa kai ce. Xfce a shafin Transifex take karɓar fassara. Kowace kalma tana zaune a fayil mai ƙarewa da .po, Turanci a sama, gurbin naka a ƙasa, kuma da manhajar Poedit za ka iya cike shi ko babu data. Wahalar ba a dannawa take ba, a zaɓen kalma take. Na taɓa gwadawa ni kaɗai, na maƙale a kan Save da Cancel. "Adana" ko "ajiye"? "Soke" ko "fasa"? In kalma ɗaya ta fito da fassara uku a wuri uku, gara a bar wa yaro Turancin. Kai da kake da aji cike da yara, kana da abin da ni ba ni da shi: ka rubuta a allo, ka ga wacce suka gane ba tare da bayani ba.

Mai Cibiya, Tudun Wada:

Allah ya saka da alheri. Baba, na karanta wa yarinyar bayaninka, ta ce ashe Turawa ma suna raba gado. Mai Gyara, na ji, uku za su zauna da Windows, firinta kuma ta yi aiki da gwajin farko.

Ƙanwata, mun sami ƙ, tef ma ya hau. Na rubuta kalmomin naki a allo da safe. Cikin yara goma sha huɗu, goma sha ɗaya sun zaɓi "ajiye", "fasa" kuwa babu wanda ya yi musu a kanta. Wani ya ce "soke" tsire take tuna masa. Ranar Asabar bayan la'asar za mu zauna a kan kalmomin Thunar, mai buɗe fayiloli, tun da shi suka fi taɓawa. Folder muka rasa yadda za mu yi da ita, rabin aji na cewa "jaka", rabi na cewa a bar ta "folda". Ke wacce kika sa?