Tenshan ɗin raket: ja ne ko ɗamewa?

'Yan'uwa masu buga badminton, ku matso mu raɗa wa wata kalma suna. Duk wanda ya taɓa kai raket a saƙa masa ya san tambayar farko: "Tenshan nawa za a sa maka?" Kai kuma ka ce 24, ko 26. Kalmar nan ta Turanci, tenshan, wadda ake nufin ƙarfin jan zaren raket da ita, ta daɗe tana tsaya mini a rai, domin na tabbata Hausa ba ta rasa abin da za ta kira wannan abu ba.

A labarai idan an fassara ta sai ka ji zaman ɗar-ɗar ko tashin hankali. Wannan na mutane ne, babu ruwan zare da shi.

Wani ɗan'uwa ya ce mini a kira shi tauri kawai a huta. Malam, na ji hujjarka, amma tauri hali ne na zaren kansa. Ka ɗauki zaren BG65 na kamfanin Yonex mai kaurin milimita 0.70 da BG80 mai 0.68, ka sa musu lamba ɗaya, hannunka zai gaya maka BG80 ya fi tauri. Ka ga ke nan tauri daban, abin da muke nema daban.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne raket biyu iri ɗaya da na bayar wurin masu saƙa biyu, zare ɗaya, kowanne na ce 26. Da na karɓo sai na buga kowanne a dunduniyar tafin hannuna, na kara a kunne. Ɗaya ya yi ƙara siririya, tas, ɗayan kuwa muryarsa ta yi ƙasa. Na danna zaren da babban yatsa, na biyun ya fi lotsawa. Babu wanda ya cuce ni a cikinsu, hanyar aikinsu ce ta bambanta.

Mai saƙa na farko na'urarsa ta lantarki ce. Idan ta ja zare ya kai 26 ba ta tsayawa. Zaren na miƙewa tana ƙara ja, har sai an damƙe shi. Na biyu tasa ta hannu ce mai mariƙin juyawa, da zarar ta kai lamba sai ta kulle. Zare kuwa ba ya daina miƙewa don an kulle, saboda haka kafin a damƙe shi ya riga ya ɗan saki. Ita ma na'urar da ake rataya wa nauyi a sanda tana ci gaba da ja ne kamar ta lantarki, sai dai tana cin lokaci.

Ba a nan kaɗai ake asara ba. Yawancin raket na da zaren tsaye 22, na kwance kuma 21 ko 22. Kowane na kwance sai ya bi ta sama da ƙasan na tsaye, yana guga, gugar nan tana cinye wani ɓangare na ƙarfin da aka ja shi da shi. Shi ya sa masu saƙa da yawa ke ƙara wa na kwance laba 2, abin da kuma ke taimaka wa kan raket ya riƙe siffarsa. Mai gaggawar da ke jan layi biyu a lokaci guda, ko wanda ba ya miƙar da na kwance yayin da na'ura ke ja, nasa zai fito a sake ko da lambar ba ta canja ba. Sannan ga ƙulli. Ko zare ɗaya aka yi amfani da shi mai ƙulli 2, ko aka raba shi biyu mai ƙulli 4, layin da ke dab da ƙulli kan saki, don haka ƙwararru ke ɗan ƙara masa ja.

Af, lambar nan da muke faɗa wa mai saƙa ta awon nauyi ce, kuma muna da sunanta tun tuni: laba, wajen giram 454. Don Allah mu bar cewa fam 26, kamar kuɗin Ingila muke ƙirgawa.

To ga inda na tsaya. Kalmar Turancin abu biyu ta haɗe, mu kuma mu raba su. Lambar da aka saita a na'ura sunanta ja. Abin da ya rage a jikin raket bayan an ƙulle an sauke shi, sunansa ɗamewa, kamar yadda muke cewa an ɗame baka ko an ɗame igiya. Raguwar da ke biyo baya, wadda ta fi yawa a kwanan farko, ita ce saki.

Wata 'yar'uwa ta kawo tamkewa. Kalma ce mai kyau, Malama, amma a kunnena ta fi kusa da ɗauri, ta fi dacewa da ƙullin ƙarshe.

Ku gwada a baki ku ji: "Ka ja mini a laba 26, na kwance 28." Ko kuma: "Jan ɗaya ne, amma na wancan ya fi ɗamewa." Ko: "Raket ɗina ya saki, zan kai a sake saƙa shi." Ni dai tun da na fara faɗin haka, mai saƙa mini bai taɓa cewa in maimaita ba.