Shoka mai saiti a motar da aka sauke: wanne ya dace, kuma yaya ake ɗaura shi?

Sabon_Direba:
Assalamu alaikum. An sauke motata milimita 35 da gajerun sifirin, amma ba a canza shokar kamfani ba. Yanzu ko ƙaramin rami na shiga sai gaba ya buga ƙum, baya kuma ya yi ta lilo bayan an haura tudu. Ina duba shoka iri uku: Koni Sport, Bilstein B8 da KW V3. Wanne ya dace da motar hawan yau da kullum, kuma me zan kiyaye wajen ɗaurawa?

MaiSufana:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bugun nan dalilinsa a fili yake. Milimita 35 ɗin da aka sauke, daga tazarar da sandar shoka ke da ita ta nutsewa aka ɗebe su, don haka motar ta kusa zama a kan robar tarewa, wato robar da ke tare shoka idan ta nutse har ƙarshe, tun kafin ta taka rami. Lilon baya kuma saboda gajeren sifirin ya fi na kamfani tauri ne, tsohuwar shoka ba ta iya riƙe shi idan ya miƙe.

Ukun da ka lissafa ba jirgi ɗaya ya ɗauko su ba. B8 ba ta da saiti sam. An dai gajarta ta domin motar da aka sauke, bututu ɗaya gare ta da gas mai matsi sosai, tana jure zafi amma za ka ji ƙananan gargada. Koni Sport, mai launin rawaya, tana ba ka saitin dawowa kawai, wato saurin miƙewar shoka bayan ta nutse. KW V3 tana zuwa da nata sifirin, ana ɗaga tsayi ko a sauke, dawowa na da mataki 16, nutsewa mataki 12, kowanne daban. Tunda kana da sifirin, Koni nake ba ka shawara, domin dawowar ce matsalarka. V3 sai wanda zai zauna ya yi ta gwaji, in ba haka ba ya sayi hanyoyin ɓata mota ne kawai.

Injiniya_Ƙafa:
Na yarda da Malam MaiSufana, sai dai a bincika abu ɗaya kafin a biya kuɗi: a wasu motocin Koni ta baya ba ta da maɓallin saiti a sama, sai an kwance ta, an danne sandar har ƙasa, sannan a murɗa. A wasu kuma ta gaba kayan cikin shoka ne kawai, sai an yanke tsohon gidan shoka an zura ta.

Kafin ka kwance komai, auna daga tsakiyar ƙafa zuwa bakin bodi a duk kusurwa huɗu ka rubuta. Ɗora motar a kan tsayayyun ƙarafa, kada ka dogara da jak. Kada ka taɓa notin saman shoka sai ka matse sifirin da abin matse shi har ya saki mazauninsa. Sifirin da ya kuɓuce yana karya hannu. Canza mazaunin sama da boris ɗinsa, da robar ƙura, da duk notin da ke kulle kansa, domin sau ɗaya ake amfani da shi. Robar tarewa ka sa gajeriya wadda aka yi don motar da aka sauke, amma kada ka cire ta gaba ɗaya, bawul ɗin cikin shoka ne zai sha dukan.

Abu biyu ke kashe sabuwar shoka tun ranar farko. Ɗaya, ɗaure notin sama da bindigar iska: sandar na juyawa, sandar saitin da ke cikinta ta lalace. Biyu, kama sandar da filaya: ƙarzanen da ta bari shi zai yanka sil, mai ya fara yoyo. Riƙe kan sandar da makullin da ya dace, ka ɗaure da sufana mai awo daidai lambar da kamfani ya rubuta.

Duk kusar da ta ratsa bushin roba, ba a ƙarasa ɗaure ta sai mota ta sauka a kan ƙafafunta. In aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ta yage cikin 'yan watanni.

Sabon_Direba:
Allah ya saka da alheri. To saitin fa, in kai shi ƙarshen tauri tunda motar a ƙasa take?

MaiSufana:
A'a, nan ne mutane da yawa ke kuskure. Idan dawowa ta yi tauri fiye da kima, shoka ba ta gama miƙewa ba wani ramin ya zo, sai motar ta riƙa tsugunawa kaɗan-kaɗan har ta kwanta a kan robar tarewa. Bugun da kake gudu ya dawo ke nan, taya kuma ta rage kama ƙasa a kwana.

Fara daga mafi laushi. Zaɓi hanya ɗaya mai tudu da gargada, ka riƙa murɗa maɓallin saiti kwatan zagaye zuwa tauri, hagu da dama daidai wa daida, gaba daban baya daban, kana rubutawa. Inda motar ta nutse, ta taso sau ɗaya ta tsaya, nan ne wurin. In ka ji ta fara tsalle-tsalle a ƙananan gargada, koma baya kwata ɗaya. Maɓallin kuma in ya kai ƙarshe kada ka tilasta masa.

Injiniya_Ƙafa:
Kada a manta da saitin ƙafa. Saukewa na sa saman taya ya karkata ciki, bakinta ma, wato inda gaban tayar ke fuskanta, ya kauce, kuma kaucewar bakin ce ta fi cinye gefen ciki na taya. Yi saitin da zarar an gama ɗaurawa, bayan mako ɗaya ko biyu ka sake auna tsayin kusurwoyin ka duba notuna. In fitilun gaba suna da na'urar daidaita haske da ke haɗe da ƙafa, ita ma a sake saita ta.