Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira "Kwaliti Kantirol" a Sana'ar Takalmi?

Ɗan yayana ya koyo ɗinkin takalmi a wajen dukawan Ƙofar Wambai, ya dawo ƙauyenmu a ƙasar Wudil ya kafa rumfa da yara huɗu, kuma kalmar da ba ta barin bakinsa ita ce ta Turanci, "kwaliti kantirol", wato binciken kayan da aka gama don a gano mai aibi. Yaran suna maimaita ta ba tare da sun san abin da take nufi ba, shi ya sa nake so mu tsayar mata da kalmar Hausa.

Na kai maganar wajen wani dattijon baduku, na ce, "Baba, ku me kuke kiran wannan aikin?" Ya ce su "duba" suka sani. Idan yaro ya gama takalmi, maigida zai haɗa ƙafafun biyu tafi da tafi ya ga ko tsawonsu ɗaya, ya lanƙwasa ya ga ko gam zai buɗe baki, ya bi ɗinkin da farce yana neman inda basilla ta tsallake, sannan ya murza fatar ya ga ko rini zai kama masa hannu. Aikin ke nan babu ragi, sai dai "duba" ta yi faɗi da yawa, domin likita ma duba marar lafiya yake yi. Na fi karkata ga "tantance inganci", saboda tantancewa tana ɗauke da ma'anar ware mai kyau daga mai aibi.

Wani malamin Hausa ya ba ni shawarar "ƙarko". Ban karɓa ba, domin takalmi yana iya shekara biyar bai yage ba alhali kullum yana cin dunduniyar mai shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne akwai kalma ta biyu, "kwaliti ashurans", kuma a rediyo duka biyun "tabbatar da inganci" ake fassara su, alhali ba abu ɗaya ba ne. Ta biyun tun kafin a yanka fata take farawa: a san majemin da ake sayen kirgi a wajensa da yadda ya jeme shi da bagaruwa, a koya wa yaro ya kankare tafin takalmi kafin ya shafa gam, ya kuma jira ya sha iska kafin ya manna, a rubuta ƙa'idar yadda kowa zai bi. Tun ran gini ran zane. Ma'aunin inganci na ƙasa da ƙasa mai suna ISO 9001, wanda ya fara fitowa a 1987, a kan irin wannan tsari ya tsaya, kuma SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, tana ba masana'antun Najeriya takardar shaida a kansa. Wannan nake ganin a kira shi "kiyaye inganci", tunda riga-kafi ne.

Jiya na sa ɗan yayan nawa ya gwada kalmomin biyu a rumfa. Ƙaramin cikin yaran ya ɗaga takalmin da tafinsa ya ɗaye ya ce, "Maigida, wannan a wajen kiyayewa aka yi sake, tantancewa ce ta kama shi." Dukawan Jigawa, musamman masu kai kaya kasuwar Maigatari ranar Alhamis, idan kuna da wata kalma da kuka gada, ina son in ji ta.