Muhawara: Tsakanin ƙwan wat 100 da na wat 60, wanne ya fi turjiya?

Mai haɗa wutar gidaje: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne ƙwan lantarki mai wat 100 ya fi mai wat 60 turjiya, domin turjiya, wato yadda abu ke tare wa wutar lantarki hanya, ita ce ke haifar da zafi, zafin kuma shi ne hasken ƙwayayen nan masu zare a ciki. Hujjata ita ce ƙa'idar James Joule, wadda ta ce ƙarfin da ake ƙonawa daidai yake da kwarara (yawan wutar da ke wucewa) sau kanta sau turjiya, wato P = I²R, saboda haka idan turjiya ta ƙaru dole ƙarfin ya ƙaru. A wurin aiki ma muna gani da idonmu cewa siririyar waya, wadda ta fi turjiya, ita ce ke yin zafi har robarta ta narke.

Malamin fiziks: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙa'idar da ka kawo gaskiya ce, amma ba ta kwatanta abu biyu sai idan kwararar da ke bi ta cikinsu ɗaya ce, kuma a gidajenmu ba haka lamarin yake ba. Kowane ƙwai yana kan reshensa, abin da suka haɗa shi ne boltej na bolt 230, kwarara kuwa kowa da tasa. Idan aka raba wat 100 da bolt 230 za a samu kwarara ta kimanin amfiya 0.43, na wat 60 kuma kimanin amfiya 0.26. Dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta ce turjiya ita ce boltej a raba da kwarara, tunda kuma kwarara ita ce wat a raba da boltej, sai ya zama turjiya ita ce boltej sau kansa a raba da wat, wato R = V²/P. Bolt 230 sau kansa 52,900 ne. A raba da 100 a samu turjiya ta om 529, a raba da 60 a samu kimanin om 882. Ƙwan da ya fi haske shi ne mai ƙarancin turjiya, domin ya fi bai wa wuta hanya.

Ɗalibar injiniyan lantarki: Malam, ina tare da kai a lissafin, sai dai ina ganin akwai wurin da maganar Baba ke tabbata. Idan aka haɗa ƙwayayen biyu a jere, wuta ta ratsa na farko sannan ta shiga na biyu, kwararar ta zama ɗaya, a nan kuwa mai wat 60 ne zai fi haske saboda turjiyarsa ta fi yawa. Haka batun siririyar waya yake: a jere take da dutsen guga ko hitar da aka jona mata, kayan ne ke yanke yawan kwararar da za ta wuce, ita kuma ta yi zafi gwargwadon turjiyarta.

Mai haɗa wutar gidaje: To 'yata, na ji bayaninki, amma ga abin da ya hana ni sakin jiki da alƙalumman Malam. Na ɗora mita a kan ƙwan wat 100 da ba a kunna ba, abin da ta nuna bai wuce om 40 ba. Ina om 529 ɗin da takarda ta bayar?

Malamin fiziks: Mitarka ba ta yi ƙarya ba, Malam, zare mai sanyi ka auna. Zaren na ƙarfen tangistin ne, kuma turjiyarsa tana ƙaruwa da zafi. Yayin da yake haske zafinsa ya haura digiri 2,000 a ma'aunin Salsiyos, turjiyar ta ninka fiye da sau goma. Om 529 turjiyar zaren ce yana cikin aiki. Wannan ne ma dalilin da ya sa irin waɗannan ƙwayaye suka fi ƙonewa a daidai lokacin da aka kunna su, domin a ɗan ƙanƙanin lokacin da zaren bai yi zafi ba, kwarara mai yawa ce ke afka masa. Ka gwada ƙwan wat 60 a sanyi, za ka tarar shi ma ya fi na wat 100 turjiya.

Mai haɗa sola: Jama'a, ni inda wannan lissafin ya fi shafar aikina shi ne zaɓen waya. Kayan da ke cin wat 120 a kan batir mai bolt 12 suna jan amfiya 10, alhali a kan bolt 230 ba sa jan fiye da kimanin rabin amfiya. Tunda zafin waya yana bin kwarara sau kanta, wayar da ta isa fitilun ɗaki ba za ta ɗauki nauyin da ke tsakanin batir da inbata ba, kuma ina yawan tarar da wayoyin da suka yi baƙi a gidajen da aka yi wa wannan ganganci. Wannan dalili ne kuma ya sa ake ɗaga manyan layukan wutar Najeriya zuwa bolt 330,000, domin kwarara ta ragu.

Mai haɗa wutar gidaje: Gobe zan auna na wat 60, in sha Allahu, in kawo muku sakamakon. Amma Malam, ƙwayayen LED da suka cika kasuwa yanzu ba su da zare, to da wace turjiya za a lissafa nasu?