Don Allah ku ba ni shawara: in daina ba yaran nan abinci saboda amai da gudawa?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, tun jiya ban runtsa ba. Ina zaune a Sabuwar Unguwa, nan cikin Katsina. Gidan gado nake, kuma tun surukata tana da rai, Allah Ya jiƙanta, ba a taɓa sauke tukunya a gidan nan ba tare da an fitar da na almajirai ba. Shekara 11 na zauna da ita. Ko ranar da aka yi faten tsaki babu mai, sai ta ce a fara kwashe na yara. Da ciwonta ya yi tsanani ta riƙe hannuna ta ce, "Kada ki bari ƙofar nan ta rufu." Facalolina biyu duk sun tashi sun koma nasu gidajen, ni kaɗai aka bar wa amanar, kuma babu mai aiko ko tiya guda ta masara. Bara kuma aka ƙaru da matan da suka gudo daga yankin Batsari, suna zaune a wani kango bayanmu da ƙananan ɗiyansu.

To yanzu amai da gudawa ya shigo unguwa. An kwashi almajirai biyu na makarantar allon layinmu ranga-ranga zuwa asibiti, ɗaya yana cikin masu zuwa gidana. Wata maƙwabciya ta faɗa a gidan suna wai a binciki abincin da ake ba su. Maigidan ya ce in dakata, kada a ɗora mana jakar tsaba. Yau da safe na ji sallamarsu a zaure, na yi shiru kamar ba ni nan, ina jin ƙarar robobinsu har suka gaji suka tafi. Wallahi kuka na yi. Yaya zan yi?

Hajiya Babba:
Ƙanwata, saurara ki ji. Shekara 30 ina ciyar da almajirai, babu annobar da ban gani ba. Ki aje ludayi. Ki auno garin kwaki, ki ƙulla a leda da ƙuli-ƙuli da ɗan sukari, ki miƙa masu daga bakin ƙofa. Kin fita haƙƙin marigayiya, kin bi maganar mijinki, kuma babu mai cewa girkinki ne. Sannan ki aje Flagyl a gida, duk wanda cikinsa ya motsa ki ba shi. Magana ta ƙare.

Baban Walid:
Ni abin da ke ƙona mini rai iyayen yaran nan. Ka haifi yaro ɗan shekara 6 ka ɗora shi a mota da allo da roba, ba ka ƙara waiwayarsa. Mu kanmu nan Ƙofar Ƙaura rabon da famfonmu ya kawo ruwa har na manta, kullum kuɗin 'yan ga-ruwa kamar kuɗin cefane. Kowa ya riƙe nasa mana.

Anti Nas:
Hajiya, ki gafarce ni, garin kwaki shi ne abin da ba zan so ba a wannan lokaci. Da wane ruwa yaron zai jiƙa shi? Da ruwan da ya samu a hanya, kuma ta ruwan da bahaya ya gurɓata ne ƙwayar kwalara ta fi shiga ciki. Abincin da ya dahu sosai aka ci da zafinsa ya fi shi aminci nesa ba kusa ba. Flagyl kuma ba maganin kwalara ba ne. Ƙarewar ruwan jiki ke kisa, cikin awoyi kaɗan.

Maman Sadiq, ba ki gaya mana ba: yara nawa ne? Yaushe kike dafawa, yaushe suke ci? Ina kike samun ruwa?

Maman Sadiq:
Anti, sukan kai 15, wata rana fiye. Da dare nake tuƙa tuwon, in rufe shi ruf, da safe in zuba masu a babbar roba su ci tare. Ruwa kuwa na 'yan ga-ruwa ne kamar kowa. Amma ni fa ba ƙazama ba ce, tsakar gidana ko allura ta faɗi sai an gan ta. Haka Inna take yi tun kafin a kawo ni, ba wanda ya taɓa ko ciwon kai.

Anti Nas:
Ba wanda ya ce da ke ƙazama, 'yar uwa. Amma dafaffen abinci idan ya wuce awa 2 a aje babu firji, ƙwayoyin cuta sun fara hayayyafa a cikinsa. In dole ya kwana, a yi ɗumame na gaske, miyar ta tafasa, tuwon ya yi zafi har tsakiyarsa. Roba guda da hannu 15 kuwa, yaro ɗaya mai cutar ya isa ya raba wa sauran. Kowa a zuba masa a tasa, bayan an wanke ta da sabulu a gabanki. Ki sa Sadiq ya tsaya da buta yana zuba masu ruwa suna wanke hannu da sabulu, kada a aje kwano guda kowa ya tsoma. Ruwan sha ki tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, ko ki sa maganin kashe ƙwayoyin cuta na ruwa, Aquatabs ko WaterGuard, yadda aka rubuta a jikin kwalin, ki jira minti 30. Moɗar randa ma a daina tsoma ta da hannu. Kwaɗon zogale, fura da duk abin da ba wuta zai taɓa ba, a jingine su tukuna.

Hajiya Babba:
Duk wannan lissafin asibiti ne. Mace ɗaya, da goyo, da 'yan makaranta, ita ce za ta tsaya wankin roba 15 da asuba? Kin san nawa ake sayar da gawayi yanzu? Ni buhun da na saya watan jiya rabinsa gari ne da ƙasa. Ki bi maganata ƙanwata, leda ki miƙa.

Ummu Hanifa:
Ban so in yi magana ba. A annobar 2021 na rasa ɗiyata 'yar shekara 4. Bayan la'asar ta fara, zawon fari tas kamar ruwan wankin shinkafa. Muka ce mu ga safiya. Tsakar dare idanunta suka zurma, na ja fatar cikinta ta tsaya ba ta koma ba. Kafin kiran assalatu ta cika. Don girman Allah ko mi za ki yanke, ki koya wa malaminsu da matan kangon haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. A riƙa ba yaro yana kurɓa ana kan hanyar asibiti. Ni ban sani ba a lokacin.

Maman Sadiq:
Allahu akbar. Allah Ya sa mai ceto ce, Ummu Hanifa. Kin sa jikina ya yi sanyi. Akwai ma wata 'yar ƙarama a kangon, ba ta fi shekara 2 ba, ƙafafunta sun kumbura, in ka danna da yatsa wurin sai ya lotsa, gashinta ya yi ja. Ita nake ɗibar wa kunun gyaɗa daban.

Anti Nas:
Wannan tamowa ce mai tsanani, kunu ba zai ɗauke ta ba, kuma in zawo ya same ta a haka abin ba kyau. Gobe da sassafe a kai ta. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana kula da masu tamowa kyauta a Ƙofar Sauri. Sauran ƙananan ma a je a auna masu damtse, wanda awonsa ya faɗa jan ɓangaren ma'aunin, wato ƙasa da santimita 11.5, za a ba shi abincin tamowa na leda, wanda ba a haɗa shi da ruwa. Masu shan nono kuma kada a cire su ko suna zawo. Zancen almajiran da aka kwantar, a kira 6232, layin NCDC ne, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, kyauta.

Baban Walid:
In an kira ma sai a zo a rufe makarantar a kore su, su watsu cikin gari da cutar. Malaminsu ba zai gode maki ba.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai. Amma gaskiya dahuwar safe ba za ta yiwu gare ni ba, kuma raba roba zai kawo faɗa, manyan su ƙwace na ƙananan, shi ya sa Inna take haɗa su. Uwar yarinyar kuma na taɓa yi mata zancen asibiti ta ce sai mijinta ya dawo daga ƙauye. Garin kwakin ma raina bai kwanta da shi ba.

Hajiya Babba:
To kin ji. Mi na ce tun farko?

Maman Sadiq:
Gobe Juma'a, ranar da suka fi yawa. Na riga na gyara wake tiya guda tun kafin maigidan ya yi magana, ga shi nan a tire. Na tura masa saƙo yana kasuwa, ya buɗe bai ba ni amsa ba. Anti Nas, in na daure na dafa da asuba na kai makarantar da kaina da zafinsa, ba su shigo gidan ba, kina ganin wannan ya saɓa maganarsa?