Ƙararrawar Santiyago da Fitilun Ƙurɗuba

Malam Mai Allo:

Assalamu alaikum. Daren jiya yara na rera Ishiriniya a zaure, sai wani ƙaramin almajirina ya tambaye ni ko mai waƙar ɗan Madina ne. Na ce masa Alfazazi a Ƙurɗuba aka haife shi, cikin Andalus, ƙasar da yau ake ce wa Sifaniya. Yaron ya rungume allonsa ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, ina mutanen suka tafi?" Da tambayar nan na kwana. Ga abin da ya fito kafin kiran assalatu, mai amsa ya ɗora.

Da sunan Ilahi nake buɗe baki,
Salati ga Manzo, dare har asuba.

Ku zo 'yan'uwana ku ba ni bayani,
Ina al'ummar da ta raya Ƙurɗuba?

A 711 Ɗariƙu ya haye teku,
Dutsen na ɗauke da sunansa, duba.

Ɗan Umayya guda ya tsere wa takobi,
Ya bar Sham da kuka, bai koma ba.

Ya kafa gadon mulki, ya ja masallaci,
Ginshiƙai reras, ido bai ƙirga ba.

Muwaɗɗar da muke buɗewa da hantsi,
Ruwayar Yahaya ce, na Ƙurɗuba.

Alfiyyar nahawu ta ɗan Jayyana,
Da ita ake gyara harshen huɗuba.

Hasumiyar yau ƙararrawa ke kanta,
Ladanin da ya sauka bai dawo ba.

Ɗan Wusasa:

Allah ya gafarta Malam. Kun san ni Kirista ne, kuma a zauren nan ba a taɓa hana ni magana ba. Kukanka ya taɓa ni, Baba, amma ni ma ina da nawa. Na ari amsa-amonka.

Na ji kukan Malam, na sunkuyar da kai,
Amma fa ƙasar ba kufai aka tarar ba.

Akwai masu gona, akwai masu coci,
Suka biya jiziya, ba su ƙaura ba.

An bar musu bishof da alƙalin kansu,
Gina sabon coci ne ba a yarda ba.

Samarinsu suka faɗa son Larabci,
Malaminsu Albaro ya yi faɗa, ba su saurara ba.

Ya ce baitin Larabawa suke haddacewa,
Wasiƙa da Latin ba su iya ba.

Wasu suka je gaban alƙali da ƙafarsu,
Suka furta abin da doka ba ta yafe ba.

Manyan coci suka ce a bar wannan hanya,
Masu zafin zuciya ba su ji ba.

Tsakanin 850 da 859 mutum kusan 50 aka kashe a Ƙurɗuba kan zagin Annabi ko ridda, cikinsu har da firist Yulojiyus. Ban zo wanke zagi ba, Allah ya sani, amma rai ne ya fita. Abin da ya fi tsaya mini a wuya dai zancen ƙararrawa ne, wadda Almansur, mai riƙe da ragamar mulkin Ƙurɗuba, ya kwaso daga Santiyago, garin da Kirista ke ziyartar kabarin Yaƙub almajirin Yesu.

A 997 Almansur ya kai Santiyago,
Ya rushe cocin, kabarin bai taɓa ba.

Ya sa aka sauke manyan ƙararrawa,
Ba raƙumi ya ɗora wa, ba alfadari ba.

Kafaɗun kamammun Kirista suka ɗauka,
Tafiyar makonni, har cikin Ƙurɗuba.

Aka juya bakinsu sama, aka zuba mai,
Suka zama fitilun sallar asuba.

Autan Zaure:

Haba Yaya, ya za ka tsaya a tsakiyar hanya? Ƙarasa labarin mana!

A 1236 sarki Farnando ya ci Ƙurɗuba,
Bai manta da zancen ƙararrawar ba.

Ya sa aka kwance su daga masallaci,
Wa ya ɗauka? Musulmi, ba jaki ba.

Hanyar da Kirista ya bi yana nishi,
Musulmi ya bi ta, bai huta ba.

Masallacin kansa ya koma coci,
Har yau ba a yarda a yi raka'a ba.

To wa ya fi cuta? Ku auna ku gaya min,
Ni dai zuciyata ba ta huce ba.

Malama Uwar Ɗaki:

Auta, sha ruwa tukuna. Ku biyun kuna ta gwada kafaɗu, kun manta da mutum na uku a gidan. Ni da na tsufa ina koyar da tarihi ba zan bari a tsallake shi ba. Malam ya yi mini afuwa, zan sauya amsa-amo.

Sarkin Rum ya aiko littafin magani,
Da harshen Girka, ba mai gane shi a birni,
Halifa ya ce a nemo mai karantawa.

Aka turo Nikola, mai zaman zuhudu,
Ya zauna da Hasdai, likitan Yahudu,
Da likitocin Musulmi, ana fassarawa.

Wannan ya ɗaga ganye, wancan ya faɗi suna,
A kai shi hanci, a murza, a auna,
Da Girkanci da Larabci ana rubutawa.

Sanco na Leyon, ƙiba ta raba shi da sarauta,
Kakarsa Toda ta riƙo shi, ta taka da ƙafarta,
Har Ƙurɗuba, gun Hasdai, neman warkewa.

Bayahude ya ba Kirista magani ya rame,
Dakarun Musulmi suka raka shi ya kame
Karagar da ya rasa, ya sake hawa.

Wannan duk a zamanin Abdurrahman na uku ne, wajajen 950 zuwa 960. Sai dai ba zan ba ku zuma in ɓoye maɗaci ba. A Garnaɗa wani Bayahude, Isma'ila ɗan Nagrila, ya yi wa sarki Badis waziri, har rundunar yaƙi ya ja masa. Ya mutu a 1056, ɗansa Yusufu ya gaje shi.

Yusufu ya hau kujerar uba da ƙuruciya,
Ƙorafin haraji ya cika kowace zuciya,
Sai wani malami ya zauna yana tsarawa.

Abu Ishaƙ na Ilbira, baiti ya ƙera,
Ya ce kashe su ba cin amana ba ne, aka rera,
Daga baki zuwa baki, kamar wuta a ciyawa.

Disamba 1066 aka fasa fada,
Aka kashe Yusufu, aka bi gida-gida,
Unguwar Yahudu, babu mai karewa.

Malam, kai ka fi ni sanin mai waƙar nan.

Malam Mai Allo:

Na san shi, Malama, shi ya sa na daɗe ban amsa ba. Ta'iyyarsa ta zuhudu na haddace tun ina saurayi, na kuma karantar da ita ga ɗalibai masu yawa. Hannu ɗaya ne ya rubuta duka biyun.

Na sha kuka da baitinsa na tsoron Allah,
Na ja hankalin yara da shi bayan salla,
Ashe tawadar nan ta san ƙonawa.

In waziri ya yi zalunci, a kai shi gun alƙali,
Me tsohuwa ta ɗauka a baitulmali?
Ɗan amana, jininsa haram ne ga kowa.

Muwahhidai suka hayo daga Maroko da zafi,
Suka ce wa Yahudu da Nasara: shahada ko ku tafi,
Musa ɗan Maimun na yaro aka yi ficewa.

Ya bi ta Fas, ya sauka Masar, ya zam likita,
Da Larabci ya yi littattafai, Yahudu suka karanta,
Garin haihuwa kuwa babu komawa.

Ibnu Rushdi, alƙalinmu mai Bidaya,
Shi da Musa sun sha ruwan gari ɗaya,
Shi ma aka kore shi, littattafai na ƙonewa.

Da ya rasu a Marrakush aka ɗora shi a dabba,
Akwatin gawa a gefe, ɗaya gefen ɗauri babba
Na rubutunsa, shi ya yi daidaitawa.

A 1148 Muwahhidai suka shiga Ƙurɗuba. Ibnu Rushdi ya rasu a 1198, kuma gida aka mai da gawar, tare da littattafan.

Ɗan Wusasa:

Baba, tunda ka kwance ƙunshinka a bainar jama'a, dole ni ma in kwance nawa. Auta ya ce a auna. Ni ba ni da mudu, ga dai abin da na sani.

Toledo ta faɗa hannun sarki Alfonso a 1085,
Littattafan Larabci ba a watsar ba.

Jerad ya taso tun daga Kiremona,
Neman littafin taurari da bai samu ba.

Ya koyi Larabci, ya zauna ya tsufa,
Ibnu Sina da Razi bai bar su ba.

Bayahude ya karanta, ya faɗa da harshen gari,
Firist ya zuba a Latin, ba su yi faɗa ba.

A nan na so in ajiye alƙalami,
Amma al'amarin bai tsaya nan ba.

A Ishbiliya wani jigon coci, Martines,
Shekaru yana wa'azin ƙiyayya, bai gaji ba.

A 1391 jama'a suka amsa masa,
Unguwar Yahudu ba ta tsira ba.

Wutar ta bi Ƙurɗuba, Toledo, Barsalona,
Da yawa sun yi baftisma, ba don sun so ba.

Garnaɗa ta miƙa makulli a 1492,
Da alkawarin ba za a taɓa salla ba.

Bayan wata uku aka ce Yahudu su fice,
Sarkin Istanbul ya karɓa, bai kore su ba.

Babban bishof Sisneros ya tara Alƙur'anai ya cinna wuta,
Alkawarin nan bai shekara 10 ba.

Da sunan wanda ya ce a ƙaunaci maƙiyi
Aka yi wannan, ban sami bakin karewa ba.

Autan Zaure:

Yaya, ban zaci za ka faɗi wannan da bakinka ba. Ka yafe mini ɗaga murya.

Na zo da sanda ina neman mai laifi,
Ban ga gidan da ba a yi makoki ba.

Amma fa almajirin Malam na jira,
Tambayarsa har yanzu ba a amsa ba.

Malama Uwar Ɗaki:

To Malam, ga abin da za ka gaya wa yaron. Musulmin da suka zauna an tilasta musu baftisma, aka riƙa ce musu Moriskawa. Tsakanin 1609 da 1614 aka kori kimanin 300,000 daga cikinsu, akasari suka bazu a Tunisiya da Aljeriya da Maroko. Amma kafin korar, da Larabci ya fara kuɓuce musu, sai suka koma rubuta harshen Sifaniya da baƙaƙen Larabci. Ana kiran rubutun aljamiyado, daga kalmar ajamiyya. Ajami ke nan, irin namu.

A rufe ƙofa, a saki labule, a rage fitila,
Uba ya koya wa ɗa alwala da salla,
Lahadi kuwa coci ake tafiya da kowa.

Harshen Nasara, baƙaƙen Alƙur'ani,
Ƙissar Annabi Yusufu, addu'a da magani,
A naɗe, a kai inda ba a dubawa.

A 1884 magina na aiki a tsohon gida,
A Almonasid ta Aragon, suka ɗaga shimfiɗa,
Sai ga littattafai suna jiran mai buɗewa.

Malam Mai Allo:

Allah ya saka da alheri, Malama. Gobe in Allah ya kai mu zan sa a nemo mini hoton shafi ɗaya a waya, in kira shi bayan sallar la'asar.

Zan ce masa: ajiye allonka, matso nan,
Duba da kyau, wannan ba baƙonka ba.

Ga fa da ɗigo a ƙasa, irin na allonka,
Ga ƙaf da ɗigo ɗaya, ba biyu ba.

Zai sa yatsa ya haɗa baƙi da wasali,
Zai fitar da sauti, ma'anar ce ba zai gane ba.